Buɗaɗɗiyar Kimiyya: Fafutuka ce da Gaske, kuma da Wa ake Damawa?

Duk wanda ya taɓa rubuta kundin digiri ya san wannan takaicin. Ka yini kana laluben wata maƙala a intanet, da ƙyar ka gano ta, ka karanta ɗan taƙaitaccen bayanin da ke samanta, ka ga ai ita ce kake nema tun jiya. Kana danna wurin saukewa sai shafin ya ce ka biya dala 35 ko 40. Maƙala ɗaya fa, mai shafi goma ko goma sha biyu. Daga nan sai ka koma WhatsApp kana bin abokanka da ke karatu a Malesiya ko Ingila kana cewa, "Don Allah duba min ko laburaren makarantarku na da wannan."

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, masanin da ya rubuta maƙalar ba ya samun ko sisi a cikin kuɗin nan. Masanan da suka tantance ta kafin a buga, su ma galibi kyauta suka yi aikin. Binciken kansa kuwa, sau da yawa da kuɗin gwamnati aka yi shi, wato kuɗin jama'a. Kamfanin da ya wallafa shi ne ke karɓar kuɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan takaici yana cikin abubuwan da suka haifar da abin da ake kira buɗaɗɗiyar kimiyya. Za ka ji ana cewa "fafutukar buɗe kimiyya", kamar yadda ake cewa fafutukar kare muhalli ko ta ƙwato 'yancin ma'aikata. To amma fafutuka ce da gaske? In ita ce, wa ke magana da yawunta, kuma wa aka bari a baya? Amsar tana shafar ɗalibin da ke neman maƙala, da lakcaran da ke neman ƙarin girma, har da majinyacin da aka ɗebi jininsa domin bincike.

Me ake nufi da buɗaɗɗiyar kimiyya?

A taƙaice, ra'ayi ne cewa ilimin da bincike ya samar ya kamata kowa ya iya kaiwa gare shi, ya ga yadda aka samo shi, ya kuma yi amfani da shi. Sai dai a ƙarƙashin wannan suna ɗaya akwai ayyuka daban-daban:

- Buɗe maƙaloli, ta yadda kowa zai karanta ba tare da ya biya ba.
- Buɗe bayanai, wato alƙaluma da sakamakon gwaje-gwajen da aka gina binciken a kansu, domin wani ya sake lissafin ya gani ko daidai ne.
- Buɗe manhajoji da hanyoyin aiki, don wani ya iya maimaita gwajin.
- Sakin daftarin maƙala a intanet tun kafin mujalla ta gama tantance ta.
- Rubuta shirin bincike a ajiye shi a bainar jama'a tun kafin a fara, don kada mai bincike ya canza tambaya bayan ya ga sakamako.
- Shigar da mutanen gari cikin aikin. Misali na kusa shi ne aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar APLORI ta Jos ke jagoranta, inda 'yan sa kai ke rubuta tsuntsayen da suka gani a yankunansu suna aikawa.

A watan Nuwamban 2021, ƙasashe 193 na hukumar UNESCO suka amince da wata takardar shawara kan buɗaɗɗiyar kimiyya. Takardar ba doka ba ce, ba ta tilasta wa kowace ƙasa komai, amma ita ce ma'ana mafi faɗi da ƙasashen duniya suka haɗu a kanta. Ta ambaci adalci, da damawa da kowa, da amfani da harsuna da yawa, da kuma sauraren ilimin gargajiya na al'ummomi.

Daga ina abin ya faro?

Ra'ayin cewa ilimi na kowa ne ya tsufa. A 1665 aka fara buga mujallar Philosophical Transactions a Landan, ƙarƙashin Henry Oldenburg, kuma manufar ita ce masani ya fito da abin da ya gano fili maimakon ya ɓoye shi a wasiƙu tsakaninsa da abokai. A 1942 masanin zamantakewa Robert Merton ya lissafa mallakar ilimi a tare cikin ɗabi'un da kimiyya ta ginu a kansu.

Matsalar kuɗi ta yi ƙamari ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kamfanonin kasuwanci suka shiga harkar buga mujallun bincike gadan-gadan. Farashi ya yi ta hauhawa har manyan jami'o'in Amurka da Turai suka fara kuka. Wani nazari da Vincent Larivière da abokan aikinsa suka fitar a 2015 ya nuna cewa kamfanoni biyar kacal, ciki har da Elsevier, Springer, Wiley da Taylor & Francis, su ne suka buga fiye da rabin maƙalolin da aka yi wa rajista a rumbun Web of Science a shekarar 2013.

Zuwan intanet ya sa mutane suka fara tambayar dalilin tsadar, tunda babu takarda babu kuɗin aikawa. A 1991 Paul Ginsparg, masanin fiziks a Los Alamos, ya kafa rumbun arXiv inda takwarorinsa ke ajiye daftarin maƙalolinsu kowa ya ɗauka. A 1996 masu aikin karanta jerin ƙwayoyin gadon ɗan Adam suka hadu a Bermuda suka amince su riƙa sakin abin da suka karanta cikin awa 24. A Fabrairun 2002 aka fitar da sanarwar Budapest, wadda ta ba buɗe maƙaloli ma'anar da ake amfani da ita har yau. A 2012 masanin lissafi Timothy Gowers ya ce ya daina aiki da mujallun Elsevier, dubban masana suka sa hannu suka bi sahunsa. Shekara guda kafin nan, wata ɗaliba 'yar Kazakistan, Alexandra Elbakyan, ta buɗe shafin Sci-Hub da ke raba maƙaloli ba da izinin kamfanoni ba, abin da ya sa wata kotu a Amurka ta ci shafin tarar dala miliyan 15 a 2017.

Akwai kuma wani reshe da bai da alaƙa da tsada sam. A 2015 wata tawaga ƙarƙashin Brian Nosek ta maimaita gwaje-gwaje 100 da aka buga a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam. A cikin na asali, 97 sun ce sun sami sakamako mai ƙarfi. Da aka maimaita, kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake ba da irin wannan sakamako. Ga mutanen wannan reshe, buɗe kimiyya magani ne na kuskure da coge: a nuna bayanai, a nuna lissafi, kowa ya duba.

To, fafutuka ce?

In ka dubi tarihin nan za ka ga alamun fafutuka a fili. Akwai ƙorafi, akwai sanarwowi, akwai ƙaurace wa kamfani, akwai waɗanda suka shiga hannun shari'a. Akwai 'yan sa kai da suka ba da lokacinsu ba don albashi ba.

Amma fafutuka kan kasance da buri ɗaya da za a iya faɗa a jimla guda, da kuma abin da ake adawa da shi. A nan ne labari ya sha bamban. Masana biyu daga Jamus, Benedikt Fecher da Sascha Friesike, sun nazarci rubuce-rubucen da aka yi kan batun suka ce mazhabobi biyar ne ke amfani da suna ɗaya. Wasu burinsu ilimi ya isa ga kowa kyauta. Wasu so suke bincike ya yi sauri ta hanyar haɗa hannu. Wasu hankalinsu na kan gina rumbuna da manhajoji. Wasu so suke mutanen gari su fahimci kimiyya su shiga ciki. Wasu kuma neman sabuwar hanyar auna darajar bincike suke yi. Ma'aikacin laburaren da kasafinsa ya gaza, da masanin halayyar da ke farautar sakamakon bogi, da jami'in gwamnatin da ke son bincike ya haifar da masana'antu, duk suna cewa "a buɗe", amma kowa da abin da yake nufi.

Abu na biyu, waɗanda aka fara faɗa da su yanzu suna cikin rumfar. Elsevier ya sayi manhajar Mendeley a 2013, ya sayi rumbun daftarori na SSRN a 2016. Manyan kamfanonin nan a yau suna cikin waɗanda suka fi kowa buga buɗaɗɗun maƙaloli, kuma suna cin riba da su.

Abu na uku, abin da ya faro a matsayin bore ya zama umarni daga sama. A 2018 wasu hukumomin ba da tallafin bincike, mafi yawansu na Turai, suka fitar da shirin da ake kira Plan S: duk wanda ya karɓi kuɗinsu, dole maƙalarsa ta kasance a buɗe daga ranar da aka buga ta. A 2022 fadar White House ta ba hukumomin gwamnatin Amurka umarni mai kama da wannan. Ga matashin mai bincike a Holan ko Ingila, buɗe maƙala yau sharaɗi ne a cikin fom.

Ni a fahimtata, fafutuka ce a asali, ko ma in ce fafutukoki ne da dama, amma yanzu ta zama wata babbar inuwa da masu buri mabambanta, wasu ma masu karo da juna, suke fakewa a ƙarƙashinta. Wannan ba gardamar suna ba ce kawai. Idan aka ce "fafutukarmu", sai a ɗauka duk wanda ke ciki muradinsa ɗaya, sai a daina tambayar wanda ya rubuta ƙa'idojin. Ƙa'idojin da suka fi tasiri kuwa a Budapest, Balin, Burasels da Washinton aka rubuta su, don magance matsalolin da suka fi damun mutanen can. Ga abin da hakan ya haifar.

An buɗe ƙofar karatu, an sa kuɗi a ƙofar rubutu

Idan mai karatu ba zai biya ba, wa zai biya? Amsar da manyan kamfanoni suka zaɓa ita ce marubuci. Ka biya kuɗin wallafa, su kuma su buɗe maƙalarka ga duniya. A mujallu da yawa kuɗin kan kama daga dala ɗaruruwa zuwa dubbai. Mujallar Nature ta sa nata yuro 9,500 a shekarar 2021. A canjin ƙarshen 2024 wannan ya haura naira miliyan 15. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya tara albashinsa kaf na kusan shekara 18 kafin ya haɗa kuɗin maƙala ɗaya.

Mai bincike a Jamus ko Suwidin ba ya cire kuɗin daga aljihunsa. Tallafinsa ne ke biya, ko kuma jami'o'in ƙasarsa sun riga sun ƙulla yarjejeniya da kamfanin gaba ɗaya. A jami'o'inmu kuwa, sau da yawa lakcara da albashinsa yake sayen sinadaran gwaji, ya biya kuɗin mota zuwa wurin ɗibar samfuri, ya sayi man janareta. In an zo wallafa sai a yi karo-karo tsakanin waɗanda sunansu ke kan maƙalar. Da can ba ma iya karantawa amma muna iya aikawa kyauta. Yanzu muna iya karanta da yawa, amma shiga sahun marubuta ya ƙara tsada. An gudu ba a tsira ba.

Gaskiya ne ana yafe kuɗin a wasu lokuta, kuma kamfanin da ke buga Nature daga baya ya sanar da yafewa ga masu bincike daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Wannan ya taimaki mutane, ba a musu. Amma yafewar galibi tana bin rukunin da Bankin Duniya ya sa ƙasarka ne, ba abin da ke aljihunka ba. Ƙasashe irin su Brazil da Afirka ta Kudu sukan faɗo a wajen jerin, alhali masu bincikensu da yawa ba su da kuɗin. Kuma abin da aka ba ka a matsayin alfarma, wanda ya ba ka na iya janye shi duk ranar da ya ga dama.

Tsarin "biya a buga" ya kuma buɗe wa 'yan damfara kasuwa. Mujallun bogi sun cika intanet, suna aiko saƙon imel suna alƙawarin buga maƙala cikin mako guda ba tare da wata tantancewa ta gaskiya ba. Nazarin Cenyu Shen da Bo-Christer Björk na 2015 ya nuna Indiya da Najeriya suna kan gaba a yawan marubutan da ke bugawa a irin waɗannan mujallu. Akan ɗora laifin kan marubutan, amma in tsarin ƙarin girma ƙidayar maƙaloli yake yi, kuma mujallar kirki ta fi ƙarfin aljihu, ba abin mamaki ba ne mutum ya bi mai sauƙi.

Akwai wata hanyar, kuma ba daga Turai ta fito ba

Tun kafin sanarwar Budapest, Brazil ta ƙaddamar da rumbun SciELO a 1998. Daga baya wata jami'ar gwamnati a Meziko ta kafa Redalyc. A Latin Amurka, jami'o'i da ƙungiyoyin masana da hukumomin gwamnati ne suka fi riƙe mujallu, kuma da yawansu ba sa karɓar kuɗi daga mai karatu ko daga marubuci. Suna ɗaukar wallafa a matsayin wani ɓangare na aikin jami'a, kamar laburare ko ɗakin gwaje-gwaje. Suna kuma bugawa da Sifaniyanci da harshen Fotugis. Afirka ta Kudu ta shiga SciELO a 2009.

A nahiyarmu akwai African Journals Online, wato AJOL, da aka fara a 1998, yanzu kuma yana Afirka ta Kudu. Yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan mujallu a cikinsa, ciki har da mujallar kimiyya ta Jami'ar Bayero da ake kira BAJOPAS. Haka nan a DOAJ, kundin da ke tantance buɗaɗɗun mujallu na duniya, mafi yawan mujallun ba sa karɓar kuɗin wallafa, kuma Indunusiya na cikin ƙasashen da suka fi yawan mujallu a ciki.

To me ya sa ba a cika jin labarinsu ba? Saboda darajar mai bincike ana auna ta ne da rumbuna biyu na kasuwanci, Scopus da Web of Science, waɗanda mujallun Turanci na Turai da Amurka suka mamaye. Kwamitocin ƙarin girma a jami'o'inmu ma su suke dubawa. Sai ka ga mun gina mujallunmu, sannan mu da kanmu mun ba maƙalar da ta fito a cikinsu maki kaɗan. Masanan Latin Amurka sun daɗe suna gargaɗin cewa in tsarin biyan kuɗin wallafa ya zama shi ne ƙa'idar duniya, zai kashe tsarin da suka gina shekara da shekaru.

Buɗe bayanai: wa ya bayar, wa ya amfana?

A nan ne batun ya fi zafi, domin amfanin buɗewa a bayyane yake, haka ma hatsarinsa.

A Janairun 2020, Zhang Yongzhen na Shanghai tare da Edward Holmes na Sydney suka saki jerin ƙwayoyin gadon ƙwayar cutar korona a intanet. Cikin 'yan kwanaki aka fara tsara na'urorin gwaji da alluran rigakafi a kansa. A watan Maris na shekarar, cibiyar ACEGID da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta fitar da irin wannan jeri na farko daga Afirka. Wannan buɗaɗɗiyar kimiyya ce da ta ceci rayuka.

Yanzu dubi abin da ya faru a Nuwamban 2021. Masana a Botswana da Afirka ta Kudu, ciki har da Sikhulile Moyo da Tulio de Oliveira, suka gano wani sabon nau'in cutar, suka sanar da duniya nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa suna Omicron ranar 26 ga watan. Ladan da suka samu shi ne ƙasashe suka rufe wa kudancin Afirka hanyoyin jiragen sama. Birtaniya ta ƙara da Najeriya a jerin ranar 6 ga Disamba, kafin ta soke jerin a tsakiyar watan. De Oliveira ya koka cewa hana jiragen ya sa sinadaran da suke aiki da su sun kusa ƙarewa. Daga baya hukumomin Holan suka gano cewa nau'in yana cikin samfuran da aka ɗiba a ƙasarsu tun kafin Afirka ta Kudu ta yi sanarwa. A daidai lokacin kuma, ƙasashe masu arziki sun fara ba da allura ta uku alhali mafi yawan 'yan Afirka ko ta farko ba su samu ba.

Ba wannan ne karo na farko ba. A 2007 Indunusiya, ƙarƙashin ministar lafiya Siti Fadilah Supari, ta daina ba da samfuran murar tsuntsaye, tana cewa ana amfani da su a yi rigakafin da talakawanta ba za su iya saya ba. An zarge ta da jefa duniya cikin hatsari, amma matakin ne ya kai ga yarjejeniyar 2011 ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ɗora wa kamfanonin da ke amfana da samfuran mura nauyin ba da gudummawa da ware wani kaso na rigakafi.

Akwai kuma batun al'ummomin da bayanan suka fito daga jikinsu. 'Yan ƙabilar Havasupai a jihar Arizona sun ba da jininsu a farkon shekarun 1990 domin binciken ciwon suga. Daga baya suka gano an yi amfani da shi wajen binciken taɓin hankali da na asalin ƙabilarsu, abin da suka ce ba su amince da shi ba. A 2010 aka sasanta, aka biya su dala 700,000 aka kuma mayar musu da jinin. A 2017 mutanen San na Afirka ta Kudu suka fitar da nasu ƙa'idojin da duk mai son yin bincike a cikinsu zai bi. A 2016 an fitar da ƙa'idojin FAIR, waɗanda ke bayanin yadda za a tsara bayanai don a same su a kuma sake amfani da su cikin sauƙi. A 2019 ƙungiyoyin 'yan asalin ƙasa suka fitar da ƙa'idojin CARE a matsayin cikon su, suna tambayar wa zai amfana, wa ke da iko, wa zai ɗauki alhaki.

Ko a tsakanin masu bincike, buɗe bayanai ba ya amfanar kowa daidai. Wanda ya yi shekara biyu yana yawo ƙauyuka yana tara samfuri, in ya saki bayanansa yau, wata cibiya mai manyan kwamfutoci da ma'aikata goma na iya nazartar su ta buga maƙala kafin shi ya samu wutar da zai kunna tasa kwamfutar. Ba haramun suka yi ba, bayanan a buɗe suke. Amma shi ya yi noma, wasu suka yi girbi.

Harshe, lokaci da murya

Ka ɗauka an cire kuɗi gaba ɗaya. Maƙala kan cutar da ke kama dawa ko gero tana nan a buɗe, amma da Turancin masana aka rubuta ta. Manomin da gonarsa aka ɗebi samfurin bai san ma an rubuta ba, ko malamin gona da kansa zai sha wuya kafin ya gane ta. Ga su, ƙofar nan a rufe take har yanzu. Shi ya sa a 2021 Masakhane da AfricArXiv da wasu abokan haɗin gwiwa suka fara aikin fassara maƙalolin bincike 180 zuwa harsunan Afirka shida, ciki har da Hausa, Yarabanci, Amhariyanci da Zulu. Babban aikin ba fassarar kaɗai ba ce, har da ƙirƙiro kalmomin kimiyya da harsunan za su ci gaba da amfani da su.

Buɗewa kuma aiki ce mai cin lokaci. Sai ka gyara bayanai, ka rubuta bayanin kowane layi, ka cire duk abin da zai tona asirin mutanen da ka yi hira da su, sannan ka ɗora a rumbu. Lakcaran da ke koyar da aji mai ɗalibai ɗari biyar, ko mai binciken da ke shayarwa tana kuma fama da kundinta, ina za su samu wannan lokaci? Kuma ba kasafai kwamitin ƙarin girma ke ba wannan aiki maki ba.

Sannan akwai yanayin muhawarar kanta. Fallasa kuskure a fili abu ne mai kyau ga kimiyya, amma farfesan da ya kafu zai iya jure suka a dandalin sada zumunta, ɗalibin da wannan ce maƙalarsa ta farko kuwa yana iya rasa aiki. Masana irin su Kirstie Whitaker da Olivia Guest sun rubuta a 2020 cewa wasu da'irorin buɗaɗɗiyar kimiyya sun zama majalisar 'yan tsiraru masu ƙarfin murya, inda mata da ƙananan masu bincike ke jin ba wurinsu ba ne.

Ina mafita?

Duk wannan ba hujja ba ce ta komawa gidan jiya. Rufaffen tsari ya fi cutar da mu, domin mu ne aka fi barin a waje. Abin da ya kamata shi ne duk lokacin da aka ce an buɗe wani abu, mu tambaya: wa ya biya, wa ke iya shiga, wa ke da ikon cewa a'a, kuma ina amfanin ke komawa?

Akwai abubuwan da mutum ɗaya zai iya yi tun yau. In ka ci karo da maƙalar kuɗi, gwada manhajar Unpaywall, wadda ke nemo halastaccen kwafi na kyauta in akwai. In babu, rubuta wa marubucin, mafi yawansu murna suke yi su aiko. Tambayi laburaren makarantarku ko sun yi rajista da Research4Life, shirin da ke ba cibiyoyin ƙasashe masu tasowa damar karanta dubban mujallu kyauta ko da rahusa. In kai marubuci ne, duba DOAJ ka nemi mujallar da ba ta karɓar kuɗi kafin ka ci bashi, ka kuma ajiye kwafin aikinka a rumbun jami'arku ko a Zenodo, wanda cibiyar CERN ke gudanarwa kyauta, matuƙar ƙa'idar mujallar ta yarda. In ka yi bincike a wani gari, koma ka gaya musu abin da ka gano da harshen da suke ji.

Sauran kuwa aikin hukumomi ne. Habasha ta fitar da manufar ƙasa kan buɗe bincike tun 2019, don haka ba abu ne da ya gagari ƙasar Afirka ba. Jami'o'inmu da hukumomin da ke ba su kuɗi za su iya zuba jari a mujallun gida su inganta tantancewarsu, maimakon tura dala waje a kan kowace maƙala. Kwamitocin ƙarin girma za su iya karanta aikin mutum su auna shi, maimakon duba sunan mujallar kawai. Duk yarjejeniyar bincike da abokan waje kuma ya kamata ta faɗi tun farko wa zai riƙe samfuri, wa zai fara nazarin bayanai, sunan wa zai fito a gaba.

Brazil da Meziko ba su jira an gayyace su ba, tsarinsu suka gina da kuɗin jami'o'insu da harsunansu. Idan buɗaɗɗiyar kimiyya za ta ci sunanta na fafutuka a wurinmu, sai mun shiga wurin rubuta ƙa'idojin da tsarinmu a hannu, domin a yanzu mafi yawan ƙa'idojin wasu ne ke rubutawa mu kuma mu biya.